Yadda Za Ka Shafa wa Ƙananan Mutum-mutumi Banish a Jidda

Bayan ka yi wa ɗan mutum-mutumin fenti, misali na soja, ka bar fentin ya kwana ya bushe, awa 24, sannan ka share ƙura da busasshen burushi mai laushi.

Banish, wato ruwan da ake shafawa a kan fenti don kare shi, iri uku ne: mai sheƙi, mara sheƙi, da na tsaka-tsaki. Ni dai nakan fara da mai sheƙi, in rufe da mara sheƙi don kada sojan ya yi ƙyalli kamar alewa. Takobi da sulke kam, bar musu sheƙinsu.

In banish na feshi ne, girgiza gwangwanin minti 2, ka gwada a kan wani tarkace tukuna. Fesa daga nisan santimita 25, sama-sama, hannu na tafiya. Shafi biyu siriri ya fi ɗaya mai kauri.

Matsalarmu a Jidda laimar teku ce. In iska ta yi danshi, banish yakan bushe fari-fari kamar an barbaɗa gari. Ranar irin wannan ka haƙura da feshi, ka shafa na kwalba da burushi a ɗaki. In farin ya riga ya fito, shafin mai sheƙi yakan gyara shi.

Kada ka bar gwangwanin cikin mota da rana, zafin da ya haura digiri 50 na iya fasa shi.