Yadda Ake Gane Juyin Mulkin da Aka Lulluɓe da Rigar Doka: Ma'auni Daga Togo ta 2005

Juyin mulkin da aka saba gani ba ya buƙatar dogon bincike. Tankoki na bakin gidan rediyo, wani kanar na karanta sanarwa, an jingine tsarin mulki. Mai wuyar ganewa shi ne na ɗauki-ɗora, inda sojoji ke tura farar hula gaba, majalisa na zama, alƙalai na rantsarwa, har zaɓe a yi. Ɗan jarida, ɗalibi ko ma'aikacin ƙungiyar kare haƙƙi da ke son tantance irin wannan, abin da ya faru a Togo ya ishe shi ma'auni, domin kusan kowace dabara an gwada ta a can cikin wata uku.

Fara da kundi kafin ka saurari bakin kowa. Nemo kundin tsarin mulkin ƙasar kamar yadda yake kwana ɗaya kafin kujerar shugaban ƙasa ta zama babu kowa, ka adana kwafinsa, domin zai iya sauyawa kafin gari ya waye. Abu uku za ka duba: wa aka ce ya yi riƙon ƙwarya, kwana nawa aka ba shi, kuma me aka hana shi taɓawa. A Togo, sashe na 65 ya ce shugaban majalisar dokoki ne zai riƙe ƙasa, a yi zaɓe cikin kwana 60. Sashe na 144 kuma ya hana a yi wa kundin gyara a lokacin riƙo.

Daga nan sai ka jera abubuwan da suka faru bisa rana, in da hali bisa sa'a. Nan ne asiri ke tonuwa, don haka kada ka yi ha'inci a wannan aikin. Shugaban Togo Gnassingbé Eyadéma ya rasu ranar 5 ga Fabrairu 2005 bayan shekara 38 a kan mulki. Shugaban majalisa, Fambaré Natchaba, yana Turai a lokacin. Aka rufe iyakokin ƙasa, sama da ƙasa da ruwa, jirgin da ya ɗauko shi ya sauka a Kwatano ta Jamhuriyar Benin. A wannan daren babban hafsan sojoji, Janar Zakari Nandja, ya fito a talabijin ya ce sojoji sun danƙa mulki ga Faure, ɗan marigayin, wanda minista ne a gwamnati. Hujjarsu ita ce magajin da doka ta ambata ba ya ƙasar, alhali su ne suka toshe masa ƙofa. Washegari majalisa ta zauna, ta tsige Natchaba, ta zaɓi Faure shugabanta, ta gyara sassan nan biyu yadda zai ƙarasa wa'adin mahaifinsa har 2008. Ranar 7 ga wata aka rantsar da shi. Wanda ya kalli takardun ranar 7 kaɗai zai ga komai daidai. Wanda ya jera kwanakin zai ga cewa soja ne ya fara magana, doka ta biyo baya tana share masa sawu.

Kada kalmomin da suka zaɓa su ruɗe ka. A Zimbabwe, ranar 15 ga Nuwamba 2017, Manjo Janar Sibusiso Moyo ya ce a talabijin ba juyin mulki ba ne, masu laifin da ke kewaye da Robert Mugabe ake nema. Mugabe ya yi murabus ranar 21, aka rantsar da tsohon mataimakinsa Emmerson Mnangagwa ranar 24. Abin dubawa shi ne rabon muƙamai bayan ƙura ta lafa: Moyo ya zama ministan harkokin waje, babban hafsan sojoji, Janar Constantino Chiwenga, ya zama mataimakin shugaban ƙasa.

Sai ka waiwaya baya, shekara uku zuwa biyar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma galibi da gangan ake tsaga shi. A Disamba 2002 majalisar Togo ta cire ƙayyade wa'adin shugaban ƙasa, ta rage shekarun tsayawa takara daga 45 zuwa 35. Faure na da shekara 36 a lokacin. An kuma sa sharaɗin zama a ƙasa na wata 12 kafin zaɓe, abin da ya fitar da babban ɗan adawa Gilchrist Olympio, wanda ke zaune a ƙetare. Irin waɗannan gyare-gyare kan wuce shiru, jama'a na ganin ba su shafi tuwonsu ba.

Kuskuren da aka fi yi, kuma wanda ya fi tsada, shi ne a ɗauka magana ta ƙare da zarar wanda aka ɗora ya ja da baya. ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda Tandja Mamadou na Nijar ke shugabanta a lokacin, da Tarayyar Afirka ƙarƙashin Olusegun Obasanjo, sun kira abin juyin mulki, aka sa takunkumi. Ranar 25 ga Fabrairu Faure ya sauka, aka yi ta murna. Amma ba a mayar da Natchaba ba. Mataimakinsa Abass Bonfoh, ɗan jam'iyya mai mulki, shi aka ba riƙo, Faure kuma ya zama ɗan takara. Sojojin nan dai, hukumar zaɓen nan dai, kotun nan dai. A irin wannan gaɓa ka tambaya: wa ke riƙe da rajistar masu zaɓe, wa ke gadin akwatuna, wa zai bayyana sakamako, kuma an bar wanda aka ɗora ya tsaya takara? Kwana 60 ba sa isa a gyara rajistar da aka ɓata shekara da shekaru. Ministan cikin gida na lokacin, François Boko, ya nemi a ɗage zaɓen ana saura kwana biyu, aka kore shi, ya fake a ofishin jakadancin Jamus.

An yi zaɓe ranar 24 ga Afrilu. Kyamara ta ɗauki sojoji a Lome suna gudu da akwatin ƙuri'a a hannu. Aka ba Faure kashi 60 cikin ɗari, ɗan takarar adawa Emmanuel Bob Akitani kashi 38. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce mutum 400 zuwa 500 ne suka mutu, dubun-dubata kuma suka tsere zuwa Benin da Ghana. Waɗanda suka sa takunkumi a Fabrairu sun karɓi sakamakon.

Yana da kyau ka riƙe dokokin nahiyar a hannu. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2001 ta hana babban sauyi ga dokar zaɓe cikin wata shida kafin zaɓe sai da amincewar mafi yawan 'yan siyasa. Yarjejeniyar Tarayyar Afirka ta 2007 kan dimokuraɗiyya da zaɓe, a sashe na 25, ta hana waɗanda suka ƙwaci mulki tsayawa a zaɓen da zai maido da doka. Aiwatarwa ce matsalar. A Chadi, da aka sanar da mutuwar shugaban ƙasa Idriss Déby ranar 20 ga Afrilu 2021, majalisar janar-janar 15 ta ɗora ɗansa Mahamat, aka yi alkawarin wata 18. Tarayyar Afirka ba ta dakatar da ƙasar ba. A Oktoba 2022 aka ƙara shekara biyu, aka harbe masu zanga-zanga ranar 20 ga wannan watan, Mahamat kuma ya tsaya takara a Mayu 2024 ya ci.

Bayan rantsuwa, buɗe kundin ajiya ka riƙa rubuta duk dokar da ta shafi wa'adi, taron jama'a da kafofin labarai, da ranar da aka zartar da ita, domin kama-karya a hankali take ginuwa. A Togo an katse intanet lokacin zanga-zangar 2017, kotun ECOWAS ta yanke a 2020 cewa hakan ya saɓa doka. A 2019 aka maido da wa'adi biyu, amma ba a lissafa waɗanda Faure ya riga ya yi ba. A 2024 aka sauya kundin gaba ɗaya zuwa tsarin majalisa, aka mayar da iko ga sabon muƙamin shugaban majalisar ministoci wanda ba shi da iyakar wa'adi, kuma a Mayu 2025 Faure ya hau wannan kujera.