Yadda na daina cin bashi don gyaran gidan haya

Gidan da Baba ya bar mana a Unguwar Rogo, Jos, 'yan haya huɗu ne a ciki, kuma duk a watan Janairu suke biyan kuɗin shekara. Kafin damina ta kankama kuɗin ya narke: kuɗin makarantar yara, biki nan, suna can. Ga ruwan Jos ba ya wasa, wani lokaci har da ƙanƙara. Kwano ya fara yoyo, sai in tafi neman rance.

Na zauna da biyu daga cikinsu, muka mayar da lokacin biyansu Yuli. Wata shida suka biya a karon farko don lissafin ya daidaita, muka sa hannu a takarda gaban shaidu. Malam na ɗakin ƙofa ya ɗan yi gardama, amma da ya ga nauyin ya ragu masa sai ya yarda.

Sannan na buɗe asusu daban a banki, ban karɓi katinsa ba da gangan, don na san halina. Duk kuɗin da ya shigo, kashi 15 cikin 100 can yake tafiya. Yanzu tun a Maris kafinta ke hawa rufin, kafin hadari ya haɗu.