Gashi da banda: zafin da ya kamata cikin kowane nama ya kai

Toh 'yan uwa masu gashi a gida, musamman mu na Legas da kowa in ya samu rabin duro ya ɗora waya sai ya zama mai suya, abin da ke cutarmu shi ne aunawa da ido. Bayan nama ya yi ja, yajin ƙuli ya kama, amma ciki ɗanye shakaf. Mai tsire na Obalende ba ruwansa da ma'auni don yankansa falle-falle ne, wuta na ratsa shi nan take, amma kai da ka kinkimo cinyar rago daga kasuwa ko kaza sukutum, nemi tamomita, wato ma'aunin zafi mai tsinken ƙarfen nan, masu kayan kicin na sayarwa.

Kafin ka yarda da ita gwada ta a tafasasshen ruwa, ya kamata ta nuna 100, mu da ke bakin teku lissafin daidai yake fita. Duk lambobin nan na Salshiyos ne, ka duba kar taka tana kan F, wato Faranhait.

Kaza, zabo da talo-talo sai cikinsu ya kai 74, ba ragi. Soka tsinken a kaurin cinya, kar ya taɓa ƙashi don zai ba ka lambar ƙarya. Ni cinya har 80 nake kai ta, ta fi daɗi a haka, ƙirji ne ke bushewa in ya wuce. Kuma don Allah kajin ƙanƙarar nan da suka cika gari a bar su su narke tukuna a firij, in ba haka ba fata ta ƙone ƙashi na jini. Wani abu kuma, hayaƙi kan sa naman kaza ya yi ja-ja ko da ya nuna, shi ya sa kala ba shaida ba ce.

Tsokar sa, rago ko akuya 63 ta isa, ka sauke ka bar shi ya huta aƙalla minti 3, zafin ma zai ƙara hawa kaɗan da kansa. Na san mu Hausawa ba ma son nama da ja a tsakiya, toh kai shi 71 shikenan. Niƙaƙƙen nama dole 71. Kifi, tarwaɗa ko karfasa, 63.

Inda mutane ke shan mamaki shi ne nama mai jijiya, kafaɗa, ƙirjin sa, haƙarƙari. A 63 ya nuna ba zai cutar da kai ba, amma wallahi sai haƙori ya gaji. Jijiyar ba ta narkewa sai an daɗe ana ba ta zafi a hankali har ciki ya kai 90 zuwa 95. Tara garwashi gefe guda, nama a ɗaya gefen, rufe duron, zafin cikin duron ya tsaya tsakanin 110 da 120. In cikin naman ya kai wajen 70 za ka ga lamba ta tsaya cak har awa guda ko fi, kar ka ruɗe ka ƙara gawayi, gumi naman ke yi yana sanyaya kansa. Naɗe shi a takarda kamar yadda masu balangu ke yi, ko foyil, zai ci gaba da hawa. In tsinke ya shige suɓul ba turjiya ya yi.

Gawayi a danshin garin nan sai an ajiye shi a leda, kuma ban da kananzir da katako mai fenti, wari da guba za su bi naman. In an gama kar a bar shi a waje ya wuce awa 2, in rana ta buɗe sosai ma awa 1, saura a sa a firij.