Mota 'yar Amurka: duba mil take ƙirgawa ko kilomita

Jama'a, kafin ku ce motarku na shan mai, ku fara duba agogonta. Tokumbo 'yan Amurka galibi da mil suke ƙirga tafiya, mu kuma da lita muke sayen fetur.

Ku cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, ku mayar da ƙirgen tafiya sifili. Ranar sake cikawa, a ce ta sha lita 30, agogo ya nuna 200. In mil ne, a ninka da 1.609, ya ba da kilomita 322, wato kilomita 10.7 a lita ɗaya. Wanda ya ɗauki 200 ɗin a matsayin kilomita, 6.7 zai samu, ya tafi wajen bakanike ana ta kwance masa injin da lafiyarsa ƙalau.

Galan ma iri biyu ne: na Amurka lita 3.785, na Ingila 4.546. Lambar MPG, wato mil nawa mota ke yi da galan ɗaya, ta motar Amurka a ninka ta da 0.425, ta Ingila da 0.354, a samu kilomita nawa take yi a lita ɗaya. Kada a yi lissafi da galan ɗin 'yan bumburutu, ba ma'auni tsayayye ba ne.

Motar Turai mai nuna L/100km kuwa, wato lita nawa take sha a kilomita 100, ƙaramar lamba ce ke nufin ƙarancin shan mai.