Yadda ake gyara ruwan sha bayan guguwar teku

Guguwar Idai ta afka wa birnin Beira na Mozambik a tsakiyar watan Maris na 2019, kuma kafin watan ya ƙare kwalara ta ɓulla. Ba abin mamaki ba ne: famfo ya ɗauke, masai sun cika sun malala cikin rijiyoyi. Duk inda irin haka ta faru, kafin hukumar gari ta sanar cewa ruwan famfo ya shawu, ga abin yi.

1. A fara neman inda hukuma ke rabon ruwa da tankoki. A saurari rediyo, domin galibi ba wuta, ba sabis.

2. In babu sai na rijiya, a bar shi a bokiti ya kwanta, sannan a tsiyaye na sama ta cikin ƙyalle mai tsabta da aka ninka. Tacewa tana cire datti, amma ba ta kawar da dukkan ƙwayoyin cuta. Nan mutane ke ruɗuwa, su ga ruwa garau su kwankwaɗa.

3. A tafasa shi, ya yi minti 1 cur yana ɓararraka. Ɗumi kawai bai isa ba.

4. In itace ya jiƙe, a sa maganin kulorin da ma'aikatan lafiya ke rabawa, gwargwadon abin da aka rubuta a jikinsa, a jira minti 30.

5. A zuba a jarka mai murfi. Tsiyayowa ake yi, kada a tsoma moɗa, balle hannun yara.