Yadda ake dasa itace a bakin hanya a Damagaram har ya rayu

Tun daga shekarar 1975 ake dasa itatuwa a faɗin Nijar kowace ranar 3 ga Agusta, amma duk wanda ya bi titunan Damagaram a watan Afrilu zai tarar da ramuka da yawa waɗanda dashensu bai ga damina ta biyu ba. Abin da ke kashe su sananne ne: ƙishirwa, awaki da gara. Saboda haka kada mutum ya dasa fiye da abin da zai iya shayarwa har ƙarshen bazara.

A fara da zaɓen iri. Dogon yaro ne ya fi dacewa da bakin kwalta, domin yana jure fari kuma yana riƙe ganyensa lokacin da ƴan kabu-kabu da masu shayi suka fi bukatar inuwa. Gawo, duk da darajarsa a gonakin Matamaye da Magarya, yana da ƙaya kuma yana jinkirin girma, don haka a bar shi a gona. Itacen turare kuwa mai shan ruwa ne ƙwarai, kuma bai kamata a kai shi garin da ake sayen ruwa wurin ƴan garuwa ba.

A haƙa rami mai zurfin rabin mita da faɗi kamar haka, nesa da katanga da magudanar ruwa, kuma ba a ƙarƙashin wayar lantarki ba, don kada a zo a sare kansa bayan ya girma. A unguwanni irin su Birni, inda dutse yake kusa da saman ƙasa, idan diga ta ci karo da fa, gara a matsa gaba. A gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki da toka kaɗan saboda gara, a yage ledar dashen, sannan a dasa da yamma a cikin watan Yuli ko Agusta, a bar ɗan kwari a gindinsa don ya tare ruwan sama.

Shinge wajibi ne tun ranar farko, ko na bulo mai ƙofofin iska ko na ƙaya, kuma ya fi ƙarfin akuyar da ta miƙe a kan ƙafafunta na baya. Idan damina ta ɗauke, a huda jarka da ƙusa, a binne ta kusa da saiwa, a riƙa cika ta sau biyu a mako. Ruwan alwala ya wadatar. Bayan shekara biyu a sassabe rassan ƙasa domin su daina tare wa masu ababen hawa gani, amma sare itacen gaba ɗaya sai da izinin ma'aikatan gandun daji.