Yadda Nake Koyar da Yaƙin Duniya na Ɗaya

Malam, idan aka ba ka wannan darasi, kada ka fara da harbin Sarajebo. Yara za su haddace cewa ranar 28 ga Yuni 1914 Gavrilo Princip, wani ɗan kishin Sabiya, ya kashe Franz Ferdinand, yarima mai jiran gadon Ostiriya, su ɗauka shi ke nan dalili.

Fara da allo. Zana Jamus da Ostiriya a tsakiya, Faransa ta yamma, Rasha ta gabas, Ingila can cikin teku. Raba ajin gida biyar, ka ba kowane gida takarda ɗauke da abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya. Faransa ba ta manta yankin Alsas da Loren da Jamus ta ƙwace a 1871 ba. Ingila na jin tsoron jiragen ruwan yaƙin da Jamus ke ƙerawa. Rasha ta ɗauki kanta uwar ɗakin Sabiya. Ostiriya na ganin Sabiya za ta tayar mata da talakawa. Jamus kuwa tsoronta a matse ta gaba da baya. Sai yanzu ka sanar da kisan, ka tambayi kowane gida: me za ku yi? Da bakinsu za su jero abin da ya faru: Ostiriya ta shelanta yaƙi kan Sabiya 28 ga Yuli, Jamus kan Rasha 1 ga Agusta, kan Faransa ranar 3, ta kutsa Beljiyam, Ingila ta shigo ranar 4.

Yaƙe-yaƙen ramuka, ka taɓa kaɗan ka wuce. Ba can ne amfanin yake ba.

Wajen sakamako, tambaye su me ya sa Mubi take Najeriya, Garwa take Kamaru, alhali duka ƙasar Adamawa ce. Kafin yaƙin, dukansu Jamus ke riƙe da su. Da ta sha kaye, yarjejeniyar Basai ta 1919 ta raba ta da ƙasashen da take mallaka, Ingila da Faransa suka raba Kamaru, kuma a ƙuri'ar raba gardama ta 1961 arewacin ɓangaren Ingila ya zaɓi Najeriya. Daga nan ka tafi Daular Usmaniyya ta Turkiyya, wadda aka yayyanka bayan ta sha kaye tare da Jamus, Turkiyya ta soke halifanci a 1924. Haushin diyyar da aka ɗora wa Jamus kuma ka ajiye shi, da shi za ka buɗe darasin Hitler mako mai zuwa.